Zangon da Habu bai kai ba

Wata takwas ban ce komai a nan ba. Masu tambaya ko na koma Kano ne, ban koma ba. Ina nan garin Sabha, a ɗakin nan na unguwar Gurda. Tarin fuka ne ya kwantar da ni.

Da tari ya fara. Aikin tayil nake yi, sai na ɗora laifin a kan ƙurar siminti. Sati uku ina shan maganin mura, wandona na zamewa daga ƙugu. Ran da na tofar da kaki na ga jini, a nan na san ba siminti ba ne.

A asibiti aka ba ni ɗan kwano na tofa kaki, aka ɗauki hoton ƙirji. Likitan ya ɗaga hoton ya ce, "Wata shida za ka sha magani, kullum da safe kafin ka ci komai. Ko ka ji sauƙi, kada ka tsallake rana ɗaya." Hoton da gwajin jini kaɗai suka cinye ɗan abin da na tara.

Mu bakwai ne a gidan. Kafin la'asar an ware mini kofi da cokali, biyar sun kwashe katifunsu sun koma ɗakin gaba. Ban ga laifinsu a wannan ba, ciwon yana yaɗuwa. Laifinsu yana gaba.

Wanda ya zauna shi ne Habu, Badamagare, abokin aikina. Kun san tsakanin Bakano da Badamagare. Ya ce, "In na bar ka ka mutu, wa zan dinga zagi?"

Shi ya kawo memori cike da wani dogon fim na turawa, na mutanen da ke yawo tsakanin taurari a cikin jirgi. An shekara da shekaru ana yin sa, zango bayan zango. Ni na taɓa kallonsa jefi-jefi a waya. Habu kuwa tsohon zangon ya sani, wanda aka fara yi, tun yana yaro yake leƙensa a talabijin ɗin maƙwabta da Faransanci. Akwai wani kyaftin mai furfura a ciki da yake so kamar kawunsa.

Ni na kawo iyayin. Na gano cewa zangon da aka fara yi ba shi ne farkon labarin ba, daga baya aka koma aka yi abin da ya faru kafin shi. Na samo jerin a intanet, na kwafe a bayan kwalin tayil na manna a bango. Na ce bisa tsarin labarin za mu bi, kashi ɗaya kullum, bayan na haɗiye ƙwayoyi. A wannan jerin, kyaftin ɗin Habu sai wata na shida zai fito.

Ƙwayoyin nan manya ne. Fitsari ya koma ja, gwiwoyi na ciwo, abinci ba ɗanɗano. Wallahi wasu ranakun don fim ɗin kawai nake haɗiye su. Habu yana gefe da shayinsa yana tsaki: "Waɗannan yaran ba su iya tuƙin jirgi ba. Bakano, sa mana na tsohon."

"Sai mun kai."

A wata na biyu ya fara tari.

Na ce ya je a gwada shi. Sai mutanen ɗakin gaba suka sa baki. Babbansu ya ce, "Kai da ba ka da iƙama, takardar zama a ƙasar nan? Suna ganin ciwon nan a jikinka za su rubuta sunanka, gobe mota ta tsaya a ƙofar gidan nan ta kwashe mu duka." Babu wanda ya taɓa ganin an yi haka a cikinsu. Ji kawai suka yi. Suka haɗa masa zuma da habbatus sauda, suka ce sanyi ne.

Ni ma ban matsa ba yadda ya kamata. Na faɗa sau biyu, na bar maganar.

Ina ƙara nauyi, shi yana ramewa. Ya daina zuwa aiki. Wata safiya yana kwance, muryarsa ƙasa ƙasa, ya ce, "Don Allah sa mini na tsohon. Ko guda."

Na nuna masa kwalin bango. Na ce, "Saura wata biyu. Ka warke mu kai tare." Har da dariyata. A zatona ƙarfin gwiwa nake ba shi.

Kwana tara bayan nan muka ɗauke shi a bayan motar mai gidan aikinmu. Babu wanda ya tambayi iƙama. Likitan nan dai ya kalli hoton, ya kalle ni ya ce, "Ina kuka ajiye shi duk wannan lokacin?"

Ya kwana huɗu a gadon asibiti. Mutanen ɗakin gaba sun zo jana'iza, suna ta cewa kwana ne ya ƙare. Haka ne. Amma har yau ban iya cin abinci kwano ɗaya da su ba, kuma ba don ciwo ba.

Na gama magani. Kaki ya fito babu komai, na koma aiki. Alhamdu lillahi. Na gode wa likitan da ma'aikaciyar da ke ba ni ƙwayoyi, da mahaifiyata da ba ta fasa kira ba. Allah Ya jiƙan Habu, wataƙila a wurin jinyata ya ɗauka.

Na kai zangon tsohon ni kaɗai. Gaskiyar Habu ce, ya fi su iya tuƙi.

'Yan'uwa, tari ya wuce sati biyu, ku je a gwada kaki. Wanda kuke ɗaki ɗaya da shi ma ya je, ko da ja ne ku ja shi. Ku buɗe taga, ku rufe baki in za ku yi tari. Kada ku saurari mai cewa "an ce". Magani kuma kada ku tsallake ko rana ɗaya.

Magani kenan. Fim kuwa, in mara lafiya ya ce ku sa masa wurin da yake so, ku sa masa a ranar. Danna waya ne kawai, ni na hana shi.