Ranar da Dutse Ya Haɗiye Kornel

Kornel taubashina ne, ɗan kawuna Alojz. Tun muna yara wuyansa ya fi cinyata kauri, kansa kuwa ba ya riƙe komai sai hula. Mu biyu dako muke yi a duwatsun Tatra, muna goya kaya a tsanin katako mu hau da su masaukin baƙi na Dezider, can inda mota ba ta zuwa. Ni, Vendel, burodi nake ɗauka. Shi kuwa in ka ɗora masa coci da limamin a ciki, sai dai ya tambaye ka ko akwai ƙari.

Abu ɗaya ya tsana, pipak, 'yar na'urar nan da muke ratayawa a ƙirji don in ƙanƙara ta binne mutum a bi kukanta a tono shi. Wai igiyarta da ta kaya suna haɗuwa su goge masa fata.

Ranar, dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba, da safe kuma iska mai ɗumi ta biyo baya. Kowa ya san wannan haɗin, shi ke sa ƙanƙara ta zabtaro daga kan dutse. Matarsa Hedviga ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Kornel, dutsen nan yau ba ya son baƙi."

"Mutane na can sama ba abinci," in ji shi. "Ko Vendel zan dafa musu? Ƙashi ne zalla."

"Gara ƙashi da kan kabewa," na ce.

A bakin kwazazzabon da ke kan hanyarmu muka yi yadda aka saba. Ɗaya-ɗaya ake tsallakawa, kuma kowa ya sassauta igiyar kayansa, don in gangaren ya tsage ka yar da su kada su ja ka ƙasa. Na tsallaka, na juyo ina masa tsiya. "Taho mana, jakin kawu!"

Yana tsakiya na ji wani gum a ƙarƙashin ƙafata. Gangaren ya tsage daga sama kamar an ja wuƙa. Na ga Kornel ya watsar da kayan, na ga jar rigarsa ta juya, sai fari ya rufe komai.

Da ƙurar ta lafa, babu Kornel, babu ko hularsa.

Na kira Dezider a waya, ban ma san me na faɗa ba. Na kunna pipak ɗina na gangara ina faɗuwa ina tashi. Wanda ƙanƙara ta binne ba ya jiran masu ceto daga gari, numfashinsa ɗan kaɗan ne. Na'urar ta kama kuka, tana ƙara sauri, har ta tsaya cak a wuri ɗaya. Na sa shebur. Ƙanƙarar ta daskare kamar siminti. Ina haƙa ina zaginsa. "Riƙe ranka, ɗan banza! Wallahi in ka mutu ka bar ni da Hedviga ban yafe ba!"

Shebur ya bugi katako. Na zubar da shi na ci gaba da hannu, har farcena ya ɓalle. Tsanin kayansa ne, da buhun dankali a kai. A bakin buhun ga pipak ɗinsa a ɗaure, yana ta kuka abinsa. Ashe tun a gida ya cire ya ɗaura wa kaya.

Na durƙusa na yi ihun da ban taɓa yi ba. Na dubi filin, fari fat har ƙasan kwari, kuma taubashina yana wani wuri a ciki yana shaƙar abin da ya rage masa.

Dezider ya iso da mai dafa masa abinci, kowa da dogon tsinken ƙarfe. Ya ɗaga ni da kwala. "Bar kukan nan! A ina ka gan shi ƙarshe?"

Na nuna. Ya ce kaya sun fi mutum saurin nutsewa, mu nema ƙasa da nan. Muka jera kafaɗa da kafaɗa muna soka tsinke, mu matsa, mu soka. Dutse. Ƙanƙara. Dutse. Ina ta kiran Maryamu da duk waliyyan da na manta sunansu tun ina yaro.

Sai tsinken mai dafa abinci ya taɓa wani abu mai laushi.

Takalmi muka fara gani, kansa na ƙasa. Da muka kai fuskarsa ta koma shuɗiya, bakinsa cike da ƙanƙara. Na kwashe da yatsa, na haɗa bakina da nasa ina hura masa iska, Dezider na danna ƙirji. Shiru. Na sake. Na sake, ina kuka ina majina a fuskarsa.

Can ya yi wani tari mai kama da amai. Idonsa ya buɗe kaɗan, ya daɗe yana kallona. Na kai kunnena bakinsa.

"Vendel," ya ce da ƙyar, "tafarnuwa ka ci?"

Jirgin ceto ya ɗauke shi. Sanyi ya cinye yatsun ƙafarsa ta hagu, likitoci suka yanke su. Yanzu a gindin dutse yake, yana ɗaura wa 'yan dako kaya, yana ɗingishi yana yi musu faɗa.