Tukunyar Mma Nasira

Wadia Ziblim ba ta shafa wa aikinta fenti. Shekara goma sha ɗaya tana koyar da zane a wata makaranta a unguwar Maamobi. In an tashi, sai ta koma tsakar gidansu a unguwar Nima ta kama walda: sarƙar keke, murhun gawayi, matacciyar fanka, ta harhaɗa su su zama mutane. Tun tana ɗaliba a Kumasi take cewa tsatsa ita ce shekarun ƙarfe, ba za ta rufe ta ba.

Aikin da ta fi ji da shi wata mata ce ɗauke da tukunya a ka. Tukunyar ta mahaifiyarta ce, marigayiya Mma Nasira, wadda ta shekara talatin tana sayar da shinkafa da wake a shataletalen Circle.

Ranar da za a kai matar wurin baje koli, Wadia ta fito da ita bakin ƙofa, ta koma ɗauko mayafi. Ta dawo, wayam. A Nima, tsohon ƙarfen da aka ajiye bakin kwata an yar da shi ke nan. 'Yan gwangwan sun loda a kura sun wuce.

Ta san tsofaffin tukwane narka su ake yi a zuba sababbi. Ta hau mota sai Old Fadama, unguwar masu narka ƙarfe, ta bi rumfa-rumfa tana tambaya har azahar. A rumfar wani dattijo, Dramani, ta tarar an sassare matar gunduwa-gunduwa. Tukunyar kuwa tana kan tsibin tukwane, dab da wuta.

"Baba, sauke min waccan! Ta uwata ce."

"Tukwane ɗari a nan, 'yata. Duk uwayenki ne?"

"Juya gindinta. Faci uku, ɗaya da murfin gwangwanin madara."

Ya juya ta, ya ƙirga da yatsa. Ya miƙa mata da hannu biyu.

"Allah ya ji ƙanta. Amma Malama, ki riƙa shafa fenti mana, mu gane na mutane ne."

"Ba zan shafa ba. Ku dai ku riƙa sallama."

Baje kolin ya wuce ta. Ta ɗora tukunyar a ka, ta sa aka biyo ta da guntayen a kura. Kafin la'asar ta fara haɗa ƙafafun.