Shirun Baba Ilu

Da ana mayar da rana baya, da na koma wata ranar kasuwa a ƙarshen damina na ɗaure hannuna na dama. Har yau ban manta da ita ba.

A lokacin ni ne mai kula da na'ura a wani gidan rediyon karkara a yankin Gazawa. Aikin duk a maɓalli guda yake: in ka tura sama murya ta fita, in ka ja ƙasa ta ɗauke. Saura shekara ɗaya in yi ritaya sai Nafi'u, ɗan maƙwabcina, ya kawo kundin waƙoƙinsa. Abin ba waƙa ba, ba wa'azi ba. Yana cikin magana tsagwaronta sai kiɗan hip-hop ya faɗo, can kuma ka ji kukan jaki da ƙarar turmi. Darakta ya ba shi rabin awa, sau ɗaya tak.

"Baba Ilu, don Allah kar a taɓa komai," in ji Nafi'u.

Na ce, "Tun ba a haife ka ba nake wannan aiki."

Ina sawa sai na ji yana tambaya ina famfon da aka yi wa ƙauyensu alƙawari, ina takin da aka ce yana hanya. Na hango kaina a buro, ofishin hukuma, ina shan tambayoyi. Na ja maɓalli ƙasa. Kiɗa ya dawo, na tura sama. Magana ta dawo, na ja. A rabin awar nan jakin kaɗai ya samu ya faɗi nasa har ƙarshe.

A kasuwar Gangara mutane suka yi ta marin rediyoyinsu. Washegari Sule mai gyara ya tare ni: "Ilu, rediyo sha ɗaya aka kawo mini, duk lafiyarsu ƙalau. Kai ne ba ka da lafiya."

Da Nafi'u ya tambaye ni, na ce, "Wuta ce, ɗana." Ya dubi fankar da ke juyawa a kaina, ya yi mini sallama.

Da shekara ta zagayo ya fitar da sabon kundi. Waƙa ta uku sunanta "Baba Ilu": minti biyu, shiru. Jikokina sun ce duk ta fi daɗi.

Ba wanda ya ce in yanke, ba kuma wanda ya kira ni buro. Famfon har yau bai zo ba. Ku da ke kan na'ura yanzu, in tsoro ya kama ku, don Allah ku zauna a kan hannunku.