Farin Da Kika Ce Kada A Taɓa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Rajab, da hantsi, Allah ya karɓi ran ƙanwata, autarmu, bayan jinyar wata huɗu.

Auta, ni na hana ki zana abu mai rai tun kina yarinya. Kika ce to, kika koma zana dusar ƙanƙara da fentin ruwa: itatuwa tsirara, rufin gidaje, hanyar da ba sawun kowa. Da zazzaɓi ya kwantar da maƙwabciyarki, zane kika kai mata, kika ce ta riƙa kallo ko ta ji sanyi-sanyi. Har yau yana bangonta.

Kin taɓa ce mini, "Yaya, ita ƙanƙara ba a zana ta. Inuwarta ake shafawa da shuɗi, a bar wa takarda farinta. In aka taɓa shi, ba ya dawowa."

Maigidanki bai taɓa fahimta ba. Yakan ɗaga wa baƙi zanenki ya ce, "Ga gwanar da kullum fenti ke ƙare mata a rabi." A yi dariya. Ni ma na yi, Allah ya yafe mini.

Zanenki na ƙarshe a kan gado kika yi shi, kofin ruwa a kan kujera. Kika ce, "Amana, Yaya. Kada kowa ya taɓa farin."

Ranar uku, maigidanki yana neman takardar rubuta sunayen masu gaisuwa, ya zaro zanen daga ƙarƙashin matashinki. "Ai nan ba ta yi komai ba," in ji shi. Ya bi farin da biro, layi-layi. Ina zaune da carbi, ban ce uffan ba. Mutane na kiran wannan hali nawa kawaici. Sunana ne na huɗu a jerin da ya rubuta.

Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanki da mahaifiyarmu. Shi ma maigidan, Allah ya ba shi haƙuri irin wanda kika yi da shi.

Allah ya jiƙan ki, Auta. Kamar yadda muka koya a addu'ar mamaci, ya wanke ki da ruwa da ƙanƙara, ya tsarkake ki kamar farin tufa, ya ajiye ki inda hannun kowa ba zai kai ba. Amin.