Tsakuwar Ƙundun Zabo

Duk mai cewa bakina ya cika kaifi, ya yi wa kakata Iya addu'a kawai, ita ta jawo.

A Gagarawa lokacin sanyi, da an sauke tuwo sai mu jikoki mu kewaye murhunta. Tana da wani gwangwanin madara da take tara 'yan tsakuwoyi, kowacce ba ta wuce ƙwayar dawa ba, da gilashi ɗaya da ya ɓalle daga tabarau ɗin marigayi kakanmu. In ta kanga shi a hasken wuta ka leƙa, sai ka ga tsakuwa ta kumbura, ga kusurwoyi kamar an sassaƙa, wata fara tas kamar ƙanƙara, wata kamar an ɗiga mata manja.

Daga nan sai tatsuniya. Wai tauraruwa ce ta faɗo gonar gero ta tarwatse. Tsuntsaye kowa ya ranta a na kare, sai zabuwa uwar kwaɗayi ta bi ta tsince ɓarɓashin ta haɗiye. Hasken ya rasa ƙofar fita, ya huhhudo ɗigo-ɗigo a gashinta. Shi ya sa har gobe take kwarmato, cikin ne ke ƙuna.

Dokar Iya, duk wanda ya maimaita tatsuniyar ba tuntuɓe, za a sa masa tsakuwa ɗaya a ƙarƙashin harshe ya tsotsa, wai tana wasa baki. Kullum ni ke cinyewa. Sabo ɗan kawuna kamar ya mutu don haushi.

Rannan da hantsi na tarar da ita tana gyaran zabo. Ta tsaga ƙundu, ta sa farce tana tonon koren dagwalon nan mai wari, ta zaro tsakuwa, ta goga a bakin zani, ta jefa gwangwani. Ko ruwa ba ta nuna mata ba.

Na ce, "Iya, ashe kashin tsuntsu kike ɗura min?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Kai maigida, na ce maka daga Makka aka kawo? Ai na gaya maka zabuwa ce ta haɗiye."

Da yamma tana rufe tatsuniya, Sabo ya gyara murya. In na yi shiru ya zama sarkin baki, ni kuwa na shiga uku da gorinsa. Na riga shi, na rattabo ta tsaf, na runtse ido na wangale baki, ta sa min tsakuwar. Wallahi har da wani ɗaci-ɗaci da ban taɓa lura da shi ba. Iya tana ta dariya, har da tari.

Yanzu gyaran waya nake a kasuwar Maigatari, wuni nake ina leƙen gilashi. Kome ƙyallin waya, ka buɗe ta ka ga dauɗar kunne da gumin mutane. Masu daɗin baki kuwa nan ne gidansu. In dillali ya zo yana zuba min zance kamar zuma, ba na jin me yake cewa. Bakinsa nake kallo, ina tunanin me wannan ya daure ya tsotsa.