Ranar da Baba Ya Ce In Kawo Masa Ti

Mahaifina ya yi aikin gyaran injuna a masaƙar Kakuri tun ban san dama da hagu ba, har ranar da aka garƙame ƙofa aka ce kowa ya kama gabansa. Abin da ya fito da shi daga can bai wuce akwatin sifanoni da taurin kai ba, sai wani tsohon jan babur da yake ji da shi kamar ɗan fari. Mu 'ya'yansa mun san matsayinmu, babur tukuna sannan mu. Duk layinmu a Makera an san babu bakaniken da ya taɓa sa hannu a cikin injin nan. In ka ce masa ya kai gareji, sai ya dube ka kamar ka zagi kakansa.

A daminar da nake ba da labari, babur ya fara tari da hayaƙi. Baba ya kwance kan injin, wanda makanikai ke kira top, ya wanke shi da fetur, ya goge bawul, ya sayo sabon gaskit, 'yar shimfiɗar da ke toshe tsakanin top da jikin injin. Mayarwa kawai ta rage, aikin da a da yake gamawa kafin rana ta take. Sai ga shi mako biyu kayan suna shimfiɗe a kan buhu a baranda. Kullum da dalilinsa, yau hadari, gobe ciwon baya. Yayana, wanda ranar rabon haƙuri ba ya nan, ya ce Asabar da yamma zai zo da bakanike a kwashe komai a huta. Mama ta faɗa mini ranar ko rabin tuwonsa Baba bai ci ba.

Asabar da safe na je gaishe su. Ni malamar firamare ce, abin da na sani game da babur shi ne in hau nawa in tafi makaranta. Na tarar da Baba a tsugune gaban injin, ya cire wani ɗan murfi a gefe, yana leƙa ramin kamar mai neman allura a rijiya. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

"Uwata," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba, "zo ki kawo min ti."

Na ji daɗi har cikin raina, don mutumin da ya ƙi abinci ne yake neman abin sha. Na ruga kicin, na dafa ruwa, na zuba madara da sukari ba tausayi, har da yankan burodi a gefe. Na kawo na durƙusa na ajiye.

Baba ya dubi kofin, ya dube ni. Sai ya fashe da dariya har ya zauna daɓas a ƙasa, hawaye na zuba, yana kiran Mama ta zo ta ga malamar da ke koya wa yara baƙaƙe. Ashe harafin T yake nufi. A jikin faifan da ke juyawa cikin ramin nan an zana T, kuma sai an juyo shi daidai da wata 'yar tsaga kafin a ɗaura sarƙar taimin. In aka kuskure, bawul zai buɗe lokacin da bai kamata ba, fistin ya taso ya make shi.

Da dariyar ta lafa, ya kurɓi shayin. Sannan ya ce, ƙasa-ƙasa, "Ba na ganinsa, Uwata. Kwana goma sha huɗu ina leƙawa, hazo kawai nake gani."

Mun lura yana laluben kofi a kan tebur, amma ko da wasa bai taɓa yarda idonsa ya samu matsala ba. Tausayi ya kama ni, na kuma san in na nuna zai kore ni. Sai na ɗaure zanina da kyau na ce, "To, oga, ga ido na kawo haya. Me za a yi?"

Nan take ya koma mutumin da na sani. Ya shafa gaskit ya zaunar da shi da yatsu, ya sa na zaro sarƙar ta cikin top da 'yar waya don kada ta faɗa ciki, muka sauke top ɗin a hankali har ya zauna. Notuna huɗu ne, ya hana ni ɗaure su a jere. Sai a gicciye, wannan kaɗan, na can kaɗan, a sake zagayowa. Ya ce ƙarfe ma ba ya son a nuna bambanci.

Sai aka zo kan harafin. Yana juya injin da sifana, ni ina leƙawa da fitilar waya. Wani tsayayyen layi ya bayyana cikin baƙin mai, na yi ihu na ce ga shi. Baba ya zura tsinken tsintsiya ta ramin fulogi, ya rufe ido, ya ɗan motsa sifanar.

"Ƙarya kike, Malama. Fistin bai gama hawa ba."

Na goge wurin da tsumma. F ne, wanda ke zuwa kafin T, alamar lokacin da fulogi ke ba da wuta. Ni mai ido biyu, shekara da shekaru ina jan kunnen yara kan haruffan nan, tsinken tsintsiya ya kayar da ni. Mama da ke tankaɗe a ƙofar kicin ta ce a karɓe allina a ba Baba. Ya ƙara juyawa kaɗan, T ya fito fes, daidai lokacin da tsinken ya tsaya cak a hannunsa.

Sauran aikin ya tafi kamar ruwa. Na daidaita ɗigon da ke jikin ƙaramin faifai mai haƙora da wata tsaga da ke jikin top, shi ya ɗora sarƙa ya ɗaure. Ya juya injin sau biyu da hannu, kunnensa a jikin ƙarfe, na sake leƙawa na tabbatar alamomin sun dawo wurinsu. Ratar bawul kuwa da reza ya auna ta, yana zura ta yana jin yadda take kamawa. Hannuwana suka yi baƙi ƙirin, farcena biyu suka karye, ban damu ba ko kaɗan.

Ya buga kik na farko, shiru. Na biyu ya yi atishawa. A na uku injin ya kama, da wata murya mai laushi ba tari ba hayaƙi. Mama ta rangaɗa guɗa, ni kuwa na yi tsalle kamar ba uwar 'ya'ya uku ba.

Yana cikin ruri yayana ya shigo da bakanikensa. Mutumin ya tsaya ya karkata kai yana saurare, ya ce, "Baba, wa ya saita muku wannan taimin?"

"Ni da idona," in ji Baba, yana nuna ni da sifana.

Bakaniken ya ce to shi ba shi da aiki a nan, ya nemi a ba shi ruwa ya sha. Baba ya tura babur ɗin har ƙofar gida da kansa, maƙwabta suka fito suna yi masa barka. Ya kama kan babur zai ɗaga ƙafa, sai ya tsaya yana duban layin da ke gabansa, inda yara da awaki ke ta kai da kawo. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya saki, ya zagaya, ya haye kujerar baya ya gyara hularsa.

"Uwata, me kike jira? Ja mu je. Litinin kuma ki kai ni wurin masu duba ido."