Tafin Hannu a Jikin Sifika

A kasuwar Asabar ta College Park, tsakanin mai zuma da mai tumatir, Dokta Fatihu, likitan kunne, yana tsaye yana kallon wani baƙin Ba'amurke mai furfura a gemu. Fayafayan garmaho ne cike da kwali a gabansa, ba suna a jikinsu, sai lamba da aka rubuta da biro. Ɗaya na juyawa a kan garmaho, kiɗan tekno na tashi daga sifika kamar ana daka a turmi, ba waƙa ko baiti guda. Da alama shi ya haɗa kiɗan, don yatsansa na motsawa tun kafin kiɗan ya sauya. Wataƙila shekara talatin ya yi yana raƙashe da matasa a tsofaffin sito-sito na Washington, kansa dab da sifika.

Wata ɗaliba ta tsaya tana gyaɗa kai. "Wa ya yi wannan?" in ji ta. Ya yi murmushi. Ta maimaita da ƙarfi, ya bi leɓenta da ido, ya ce, "E, yau kam akwai rana." Ta ɗaga kafaɗa ta wuce.

Sai yanzu Fatihu ya lura hannun mutumin bai bar jikin sifikar ba tun ɗazu. Da tafinsa yake sauraro.

"Baban Afnan, ba abin da za ku iya yi masa?" matarsa Hannatu ta tambaya ƙasa-ƙasa.

"In ƙara ce ta cinye kunne, ba ya dawowa."

Ya miƙa mata ledar tumatir, ya matsa, ya ɗora tafinsa kusa da na mutumin.